Kura da Shan Bugu: Tarihin Gwagwarmayar 'Yan Ƙwallon Ƙafar Amurka a Kan 'Yanci, Albashi da Fansho

A ranar 6 ga watan Yuli na shekarar 2011, wani dattijo mai suna John Mackey ya rasu a birnin Baltimore na ƙasar Amurka yana da shekara 69. A ƙuruciyarsa yana cikin gwanayen wasan ƙwallon ƙafar Amurka. Shi ne shugaban farko na haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan wasan, kuma sunansa ne ke kan shari'ar da ta fara girgiza ikon masu kulob-kulob a kan 'yan wasansu. Sai dai ya ƙare rayuwarsa cikin ciwon mantuwa, har ta kai ga yana buƙatar mai kula da shi dare da rana. A ranar da ya cika, ƙofofin filayen atisaye a garƙame suke, domin attajiran da suka mallaki kulob-kulob sun hana 'yan wasa shiga tun watan Maris, saboda saɓani a kan rabon kuɗin shiga da ya kai kimanin dala biliyan 9 a shekara.

Rayuwar wannan mutum ta tattaro tambayoyi uku da aka shafe fiye da shekara sittin ana jayayya a kansu. Wa ke da iko da ɗan wasa? Nawa ne rabonsa daga dukiyar da guminsa ya tara? Wa zai ɗauki nauyinsa ranar da jiki ya gaza?

Wasan da ake magana a kansa ya sha bamban da ƙwallon ƙafar da sauran duniya ta sani. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, galibi da hannu ake ɗaukarta ko a jefa ta, kuma mutum goma sha ɗaya na kowane ɓangare sukan yi karo da juna da iyakar ƙarfinsu, sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. Babbar gasar ƙwararru, wadda ake kira NFL, tana da kulob 32 a yau. Bisa ƙiyasin ƙungiyar 'yan wasan, matsakaicin zaman mutum a wannan sana'a bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba. Wannan gajartar lokaci ita ce mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

Zamanin da wuƙa da nama ke hannun mai kulob

An kafa gasar a shekarar 1920 a garin Canton na jihar Ohio, ta kuma ɗauki sunan NFL a 1922. Tun farko masu kulob suka fahimci cewa idan suka yi gogayya da juna wajen sayen 'yan wasa, albashi zai tashi. Saboda haka suka ɗaure kansu da ƙa'idoji biyu. Ta farko wani sharaɗi ne da ake sakawa a kwantiragi, wanda ya ba kulob damar riƙe ɗan wasa ko da wa'adin aikinsa ya ƙare. Ta biyu, wadda aka soma a 1936, ita ce rabon sababbin 'yan wasa: kowace shekara kulob-kulob sukan zaɓi matasan da suka fito daga jami'o'i bi da bi, wanda ya fi rauni a kakar da ta wuce shi ke fara zaɓe. Matashin da aka zaɓa ba shi da ta cewa. Ko dai ya amince da tayin kulob ɗin da ya zaɓe shi, ko ya nemi wata sana'a.

A wancan zamani babu mafi ƙarancin albashi, babu fansho, babu inshorar lafiya. Wasannin share fage kan gudana ba tare da an biya kowa ba, kuma wanda ya ji rauni ana iya sallamar sa. Lokacin da albashi ke ɗan motsawa shi ne idan wata gasa kishiya ta bayyana, kamar yadda ya faru tsakanin 1946 da 1949. Da kishiyar ta mutu, sai al'amura su koma gidan jiya.

Kafa ƙungiya da shari'ar Radovich

A shekarar 1956, 'yan wasa daga kulob 11 cikin 12 na lokacin suka amince su kafa ƙungiya, suka ɗauki wani lauya mai suna Creighton Miller ya wakilce su. Buƙatunsu ba su taka kara sun karya ba: mafi ƙarancin albashi na dala 5,000 a shekara, kuɗin abinci a lokacin atisaye, kulob ya sayi kayan wasa, sannan a ci gaba da biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki. Masu kulob ko kallo ba su ishe su ba.

Abin da ya sauya lissafi ya fito ne daga zauren shari'a. Wani ɗan wasan Detroit Lions mai suna Bill Radovich ya roƙi a mayar da shi Los Angeles domin ya kusanci mahaifinsa da ba shi da lafiya. Mai kulob ya ƙi. Radovich ya koma gasa kishiya, NFL kuma ta sa sunansa a jerin waɗanda aka haramta wa aiki, har ya rasa wani aikin horarwa da aka yi masa tayi. Ya kai ƙara bisa dokar hana babakere ta 1890, wadda ta haramta wa 'yan kasuwa haɗa baki domin toshe gogayya. A watan Fabrairun 1957 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta yanke cewa wannan doka ta hau kan NFL. Hukuncin yana da nauyi, domin dokar ta tanadi a ninka diyya sau uku ga wanda aka cuta. Ba a daɗe ba masu kulob suka amince da mafi yawan buƙatun 1956, daga baya kuma aka kafa asusun fansho da aka sa wa sunan Bert Bell, kwamishinan gasar da ya rasu a 1959.

Tun daga nan wani darasi ya bayyana wanda zai yi ta maimaita kansa: masu kulob sun fi tsoron alƙali a kan yajin aiki.

Dokar Rozelle da shari'ar Mackey

Shekarun 1960 sun zo da abubuwa biyu. Na farko shi ne kuɗin talabijin. A 1961 majalisar dokokin Amurka ta ba gasar izinin sayar da haƙƙin nuna wasanninta a dunƙule, a raba kuɗin daidai tsakanin kulob-kulob. Na biyu shi ne sabuwar kishiya mai suna AFL, wadda ta fara wasa a 1960. Gogayyar gasannin biyu ta sa a 1965 kulob ɗin New York Jets ya ba wani matashi, Joe Namath, kwantiragin dala 427,000, kuɗin da ba a taɓa jin irinsa ba. Masu kulob na ɓangarorin biyu suka ga asarar ta ishe su, suka sanar da haɗewa a 1966, aka kammala ta a 1970.

Kafin nan, a 1962, wani ɗan wasa mai suna R.C. Owens ya kammala wa'adinsa a San Francisco ya koma Baltimore ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa komai ba. Shekara guda bayan haka aka fito da ƙa'idar da ta shahara da sunan kwamishina Pete Rozelle. Ta ce duk kulob ɗin da ya ɗauki ɗan wasan da wa'adinsa ya ƙare, dole ya biya tsohon kulob ɗin diyya, idan kuma ba su daidaita ba, kwamishina ne zai yanke abin da za a bayar, ko 'yan wasa ko damar zaɓe. Tun da babu wanda ya san abin da kwamishina zai ƙwace masa, sai kowa ya kama kansa. A takarda ɗan wasa yana da 'yancin tafiya, a zahiri kuwa babu mai ɗaukarsa.

An ƙulla yarjejeniyar ƙwadago ta farko a 1968 bayan ɗan gajeren yajin aiki. Ta tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan dala 9,000 ga sabon shiga da 10,000 ga tsohon hannu, ta kuma ƙara kuɗin fansho. A 1970 ƙungiyoyin 'yan wasan gasannin biyu suka haɗe, suka zaɓi John Mackey na Baltimore Colts a matsayin shugaba. A 1972 shi da wasu abokan aikinsa suka kai ƙara a kan dokar Rozelle. Ana cikin shari'ar, a watan Yulin 1974, 'yan wasa suka tafi yajin aiki da taken cewa idan babu 'yanci babu wasa. Cikin mako shida yajin ya watse, domin sababbin shiga sun cika sansanonin atisaye, tsofaffi kuma suka riƙa sulalewa suna komawa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da yaji ya kasa, kotu ta yi. A ƙarshen 1975 alƙali Earl Larson na Minneapolis ya yanke cewa dokar Rozelle ta saɓa wa dokar hana babakere, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 1976. Sai dai ƙungiyar ta fito daga yajin 1974 a galabaice, asusunta ya bushe, mambobi sun ragu. A yarjejeniyar 1977 ta karɓi kuɗin diyya, da ƙarin fansho, da tabbacin cewa kowane ɗan wasa zai riƙa biyan kuɗin ƙungiya. A madadin haka ta amince da wani sabon tsari: tsohon kulob yana da damar biyan daidai abin da sabon ya taya ya riƙe mutuminsa, idan kuma ya sake shi, za a biya shi da damar zaɓe mai tsada. Cikin shekara goma sha ɗaya da suka biyo baya, mutum biyu kacal suka sauya kulob ta wannan hanya, Norm Thompson a 1977 da Wilber Marshall a 1988. An sayar da abin da aka ci a kotu a kan teburin sulhu.

Yaji biyu: 1982 da 1987

A 1982 gasar ta ƙulla cinikin talabijin na kimanin dala biliyan 2 na shekara biyar. Ƙungiyar, a ƙarƙashin babban daraktanta Ed Garvey, ta zo da sabon tunani: maimakon neman 'yancin sauya sheƙa, a ware wa 'yan wasa kashi 55 cikin ɗari na dukkan kuɗin shiga. Masu kulob suka ce ba za su yi tarayya da ma'aikatansu a dukiyarsu ba. Yajin ya ɗauki kwana 57, kakar wasa ta ragu daga wasa 16 zuwa 9. Ba a sami kashi 55 ba, amma an sami wasu abubuwa masu amfani: kuɗin sallama ga mai barin wasa, damar ɗan wasa ya ga bayanan lafiyarsa ya kuma nemi ra'ayin wani likita daban da na kulob, da damar ƙungiya ta ga kwafin kowane kwantiragi. Wannan na ƙarshe ya yi tasiri fiye da yadda aka zata, domin daga nan kowa ya san abin da takwaransa ke karɓa.

A 1983 Gene Upshaw, tsohon ɗan wasan Oakland Raiders, ya karɓi ragamar ƙungiyar. Da yarjejeniya ta ƙare a 1987, ya koma kan batun 'yancin sauya sheƙa. An ruwaito cewa a zaman sulhu, shugaban kulob ɗin Dallas Cowboys, Tex Schramm, ya kwatanta 'yan wasa da shanu, masu kulob kuma da masu garke, yana nufin mai garke ba ya rasa wasu shanun. Abin da suka aikata ke nan. Bayan an soke wasannin mako guda, sai suka ɗebo waɗanda aka taɓa sallama da waɗanda ba su sami gurbi ba, suka sa musu riguna, aka yi mako uku ana wasa da 'yan cike gurbi. Gidajen talabijin suka nuna wasannin, aka kuma lissafa sakamakonsu a cikin gasa. Manyan taurari irin su Joe Montana da Lawrence Taylor suka karya yajin suka koma. Bayan kwana 24, a ranar 15 ga Oktoba, 'yan wasa suka janye ba tare da sun sami komai ba.

Dalilin faɗuwar yajin a bayyane yake. Attajirin da ya mallaki kulob yana iya jure asarar kaka guda, domin zai riƙe kulob ɗin shekara talatin ya bar wa 'ya'yansa. Ɗan wasan da zamansa bai wuce shekara uku ko huɗu ba, kowane mako da ya rasa wani yanki ne na dukiyar rayuwarsa da ba zai dawo ba.

Ƙungiyar da ta rushe kanta

A ranar da yajin ya ƙare ƙungiyar ta shigar da ƙara da sunan shugabanta, Marvin Powell. A nan ne aka ci karo da wani ƙulli na dokar Amurka. Dokar ƙwadago tana ƙarfafa ma'aikata da masu aiki su zauna su daidaita a dunƙule, dokar hana babakere kuwa tana hana haɗa baki. Domin kada dokokin biyu su ci karo, kotuna suka tsayar da cewa abin da ya fito daga zaman sulhun ƙwadago ba a ƙalubalantar sa da dokar babakere. A watan Nuwamban 1989 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan kariya tana nan daram muddin akwai dangantakar sulhu tsakanin ɓangarorin, ko da yarjejeniya ta ƙare. Ma'ana, kasancewar ƙungiyar ita ce garkuwar masu kulob.

Upshaw da lauyoyinsa suka ɗauki matakin da ba a saba gani ba. Ƙungiyar ta ajiye matsayinta na wakiliyar ƙwadago, ta koma ƙungiyar sana'a kawai. Da babu ƙungiya, babu kariya. Freeman McNeil na New York Jets da wasu mutum bakwai suka kai ƙara a kan tsarin da masu kulob suka ƙirƙiro a 1989, wanda ya ba kowane kulob damar killace 'yan wasa 37. A watan Satumban 1992, masu taimaka wa alƙali a Minneapolis, su takwas kuma dukkansu mata, suka yanke cewa tsarin ya wuce gona da iri. Diyyar da aka ba mutum huɗu daga cikinsu ba ta da yawa, amma ƙofa ta buɗe. Nan da nan aka shigar da wata ƙarar a madadin dukkan 'yan wasa da sunan Reggie White na Philadelphia Eagles.

Sulhun da aka cimma a 1993 a gaban alƙali David Doty shi ne ginshiƙin tsarin da ake bi har yau. 'Yan wasa suka sami 'yancin sauya sheƙa bayan shekara biyar, wanda ya koma huɗu daga shekarar da ta biyo, da diyyar dala miliyan 195. Masu kulob suka sami iyakar albashi, wato adadin da babu kulob ɗin da zai wuce shi a shekara, wanda aka ɗaure da wani kaso na kuɗin shiga. An fara shi a 1994 a kan dala miliyan 34.6. Kowane kulob kuma ya sami damar riƙe ɗan wasa guda a shekara, bisa sharaɗin biyan sa albashi daidai da na manyan masu irin matsayinsa. Wani abin lura shi ne masu kulob da kansu suka nace sai ƙungiyar ta dawo da matsayinta, domin ba tare da ita ba, iyakar albashi da rabon sababbin 'yan wasa duk za su iya faɗuwa a kotu. A shekarar ce Reggie White ya koma Green Bay a kan dala miliyan 17 na shekara huɗu. Tunanin Garvey na raba kuɗin shiga, wanda aka yi wa dariya a 1982, ya dawo ta wata ƙofa.

Kulle ƙofa a 2011 da ƙuri'ar 2020

An yi ta sabunta yarjejeniyar 1993 ba tare da an rasa wasa ko ɗaya ba. A sabuntawar 2006 masu kulob suka amince da ƙuri'a 30 a kan 2, amma shekara biyu kacal bayan haka suka ce sun yi asara a cinikin, suka yanke wa'adinta. A lokacin sukan cire kimanin dala biliyan 1 daga kuɗin shiga kafin a yi rabo, sai suka nemi a ƙara musu wata biliyan ɗin. Upshaw ya rasu a watan Agustan 2008, lauya DeMaurice Smith ya gaje shi a 2009. A watan Maris na 2011 ƙungiyar ta sake rushe kanta, Tom Brady da wasu suka kai ƙara, masu kulob kuma suka kulle ƙofa. Wannan karon kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi tilasta a buɗe, aka koma teburin sulhu, aka daidaita a ƙarshen Yuli.

Yarjejeniyar ta shekara goma ta ba 'yan wasa aƙalla kashi 47 cikin ɗari na dukkan kuɗin shiga, ta kuma wajabta wa kulob-kulob kashe mafi yawan abin da iyakar albashi ta ƙayyade. An rage atisaye mai haɗari, an hana yin atisayen karo sau biyu a yini. Waɗanda suka biya farashin su ne matasan da ba su riga sun shigo ba, kuma ba su da ƙuri'a. Sam Bradford, wanda aka fara zaɓa a 2010, ya sami tabbacin dala miliyan 50. Cam Newton, wanda aka fara zaɓa a 2011, ya sami dala miliyan 22 na shekara huɗu.

A watan Maris na 2020 aka kaɗa ƙuri'a a kan sabuwar yarjejeniya da za ta kai ƙarshen kakar 2030. Masu kulob sun nemi a ƙara wasa guda, kaka ta zama wasa 17. A madadin haka suka ɗaga rabon 'yan wasa zuwa kashi 48 ko sama da haka kaɗan, suka ɗaga mafi ƙarancin albashin sabon shiga zuwa dala 610,000. Taurari irin su Aaron Rodgers da J.J. Watt suka yi adawa, suna ganin ƙarin wasa ƙarin rauni ne. Masu ƙaramin albashi, waɗanda su ne mafi yawa, suka ga tsuntsu guda a hannu. Aka amince da ƙuri'a 1,019 a kan 959. Shekara guda bayan haka gasar ta ƙulla cinikin talabijin na sama da dala biliyan 100, iyakar albashi kuma ta kai dala miliyan 255.4 ga kowane kulob a 2024.

Fansho, rauni da ƙwaƙwalwa

Waɗannan alƙaluma suna iya rufe ido daga ganin ɗaya gefen. Galibin kwantiragin NFL ba su da cikakken tabbaci: kulob na iya sallamar mutum ya daina biyan abin da ya rage, in ban da kason da aka rubuta cewa tabbatacce ne. Ɗan wasa ba ya cancantar fansho sai ya cika kaka uku. Wanda ya cika yana samun inshorar lafiya ta shekara biyar bayan barin wasa, fanshon kuma a ƙa'ida daga shekara 55 yake farawa. Alhali ciwon gwiwa, da na baya, da na ƙwaƙwalwa sukan bayyana ne bayan waɗannan shekaru biyar sun wuce. A ranar 2 ga Janairun 2023, zuciyar Damar Hamlin na Buffalo Bills ta tsaya a tsakiyar fili a Cincinnati, miliyoyin mutane na kallo. Likitoci sun ceto shi, har ya koma wasa, amma a daren yana kakarsa ta biyu ne, bai kai ga cancantar fansho ba.

Tsofaffin 'yan wasa suna da wata matsala ta daban. Tun 1971 Kotun Ƙoli ta yanke, a wata shari'ar ma'aikatan masana'antar gilashi, cewa waɗanda suka yi ritaya ba sa cikin waɗanda doka ta wajabta a yi sulhu a kansu. Don haka duk dalar da aka ƙara wa tsofaffi, daga rabon masu wasa a yanzu take fitowa. Upshaw kansa ya sha suka a 2006 da ya ce ba tsofaffin ne suka ɗauke shi aiki ba, ba kuma za su iya korar sa ba. A 2007 batun ya kai gaban majalisar dokoki, inda tsofaffin 'yan wasa suka koka da yadda hukumar fansho ke watsi da buƙatun naƙasassu.

Labarin Mike Webster shi ne ya fi tayar da hankali. Ya yi kaka 17 yana wasa, mafi yawansu a Pittsburgh Steelers, ya ci kofi huɗu. Bayan ritaya hankalinsa ya riƙa gushewa, har yakan kwana a cikin mota. Ya rasu a 2002 yana da shekara 50. Likitan da ya binciki gawarsa, Dakta Bennet Omalu, ɗan asalin Nijeriya, ya gano wata cuta a ƙwaƙwalwarsa da ake kira CTE, wadda yawan buguwar kai ke haddasawa, ya wallafa bincikensa a 2005. Likitocin gasar suka nemi a janye maƙalar. Magadan Webster kuwa sai da suka je kotu kafin aka biya cikakken haƙƙinsa na naƙasa, shekaru bayan an binne shi. Sai a 2016 wani babban jami'in NFL ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka sami alamunta a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL, ko da yake sun yi gargaɗin cewa iyalan da suka ga alamun ciwo ne suka fi bayar da gawa domin bincike.

Sama da tsofaffin 'yan wasa 4,500 suka kai ƙara suna zargin an ɓoye musu haɗarin. A 2013 aka yi tayin dala miliyan 765, amma alƙaliya Anita Brody ta yi shakkar ko kuɗin zai isa, aka cire iyaka, aka amince da sulhun a 2015. Zai yi aiki shekara 65, kuma mutum na iya samun har dala miliyan 5 gwargwadon ciwonsa da shekarunsa. Daga baya aka gano cewa ma'aunin gwajin ƙwaƙwalwa yana ɗaukar cewa baƙar fata tun asali bai kai farar fata kaifin tunani ba, abin da ya sa yake wa baƙi wuya su nuna sun sami tawaya, alhali su ne mafi yawan 'yan wasan. Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara a 2020, gasar kuma ta yi alkawarin daina amfani da ma'aunin a 2021.

An sami ci gaba ta fuskar yarjejeniya ma. Ta 2011 ta ware dala miliyan 620 domin ƙara fanshon waɗanda suka yi wasa kafin 1993. Ta 2020 ta ɗaga fanshon tsofaffi zuwa dala 550 a wata a kan kowace kakar da mutum ya yi, ta kuma shigar da 'yan zamanin da masu kaka uku waɗanda a baya aka bar su a waje. Amma ita ce kuma ta rage wa wasu naƙasassu abin da suke karɓa, aka yi ta ce-ce-ku-ce a kai. Kusan duk abin da aka bayar da hannun dama, akwai abin da aka karɓa da hagu.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa ƙarfin ma'aikaci ba a yawan albashinsa yake ba. 'Yan wasan da suka fi kowa suna a ƙasarsu sun sha kaye a yajin 1974 da na 1987, domin lokaci yana gefen mai dukiya, kuma tsintsiyarsu takan kwance kafin ta yi shara. Nasarorinsu manya, daga Radovich zuwa Mackey da McNeil da White, duk a kotu aka same su, sannan aka kai su teburin sulhu aka yi ciniki da su. A kowane ciniki kuma, masu ƙuri'a a ranar ne suke yanke wa waɗanda ba sa wurin hukunci: matasan da ba su iso ba, da tsofaffin da suka riga suka wuce.

A 2006 matar John Mackey, Sylvia, ta rubuta wa kwamishina Paul Tagliabue wasiƙa tana bayyana halin da mijinta ke ciki da yadda jinya ke cinye abin da suka mallaka. Daga wannan wasiƙa gasar da ƙungiyar suka kafa wani shiri da a farkonsa yake biyan har dala 88,000 a shekara domin kula da tsohon ɗan wasa mai ciwon mantuwa a gidan jinya, ko 50,000 idan a gida ake jinyarsa. An sa wa shirin suna 88, lambar rigar Mackey. Bayan rasuwarsa aka binciki ƙwaƙwalwarsa, aka tarar da cutar CTE. Ƙasa da mako uku bayan rasuwar tasa aka buɗe ƙofofin da aka kulle, matasa suka sa hular kwano suka koma fili. Yarjejeniyar da ake bi yanzu za ta ƙare bayan kakar 2030, kuma tuni kwamishina Roger Goodell ya fara maganar ƙara wasa na 18.